Larabar da Kawu Yake Mutuwa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu. Ya cika da hantsin ranar Litinin a ɗakinsa na cikin birnin Zariya, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Na zauna makoki a tsakar gidansa, kusa da Inna, mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa ta ƙarshe da ta rage. A hannun hagu kuma ga 'yarsa, taubashiyata, ta ƙura wa ƙasa ido ko ɗigon hawaye babu. Mata suna ta shigowa, yawancinsu masu ɗinkin hannu ne da suka yi shekaru suna karɓar aiki daga zaurensa. Kowacce ta durƙusa ta ce, "Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta," sai ta ɗago ta dube ni. Na san wannan kallon. Wata da ta kasa riƙewa ta matso kusa da kunnena ta ce, "Hajiya, ya haƙuri? To mu kuma fa?"

A ƙofar gida, an ce min, maganar maza ɗaya ce: zanen riga ya ƙare a birni. Wani tsoho da ya zo daga ƙauye a bayan babur ya ba da labarin yadda Kawu ya ɗinka masa rigar aurensa ya ce ya je, kuɗin sai kaka, da kaka ta yi kuma ya ce shi bai san zancen ba. Wani ya ce tun da yake bai taɓa ganin mutumin da zai kalle ka sau ɗaya ya san tsawon rigarka ba sai shi. Duk ana yabonsa, kuma duk yabon yana ƙara min nauyi a ƙirji.

Mutum ɗaya ce ta ba ni haushi ranar. Goggo, tsohuwar da ke zaune a unguwar Kusfa, wadda ta fi kowa daɗewa tana yi masa ɗinki. Ba mu haɗa jini ba, girma ne ya sa muke kiranta haka. Ta shigo, ta yi addu'a, ko ruwa ba ta sha ba ta gyara mayafi ta fice. Na ce a raina, shekara talatin ta zama zaman minti biyar.

Kawu mai zanen babbar riga ne. A zaurensa ake yanka shadda, ya zana mata ado da alƙalamin kara, sannan a rarraba ta gidaje mata su bi zanen da allura da zare. In an gama a haɗa, a kai wa mai bugu ya buge ta da taɓarya har ta yi sheƙi. Gidaje fiye da ashirin suna dafa tuwo da wannan aikin. Shekara huɗu da suka wuce ni na sayi sana'ar daga hannunsa, don haka tambayar matar nan tawa ce in amsa. Ga kuma riguna bakwai na wani Alhaji daga unguwar Tukur-Tukur, babban mai sayen kayanmu, da za a sa a ɗaurin auren ɗansa ranar Asabar. Huɗu suna gidajen ɗinki, uku ba a buge ba, ni kuma ba inda zan motsa sai an yi sadakar uku.

Yadda aka yi na saya kuwa, na ajiye aikin ofis ne a unguwar Kongo bayan shekara talatin, aka ba ni kuɗin sallama. Maigidana ya ce in sayi fili. A lokacin idon Kawu ya fara rauni, 'ya'yansa maza biyu kuma kowa ya kama gabansa, ba mai sha'awar allura. Ya ce ba zai bar sana'ar ta zama abin rigimar gado ba, gara ya sayar yana raye. Aka kira shaidu aka yi ciniki. Na karɓi mabuɗin zaure, da kekunan ɗinki biyu, da akwatin zare, ina jin kaina. Mako ɗaya ya ishe ni in gane na sayi rijiya ne, guga da igiya suna aljihun Kawu.

Komai a kansa yake. Bai taɓa riƙe tef ɗin awo ba. Ya san wadda hannunta ke da tauri da wadda nata ke da sanyi, ya san wadda ke goyo don haka ba za ta gama da wuri ba, ya san gidan da maigidan ba ya son a aiko da rana. Masu saye lambarsa suke kira. In riga ta dawo ba ya duban gabanta, juya ta yake yi ya shafa bayan ɗinkin da tafin hannu. Yakan ce, "Gaban riga na mai ita ne, bayanta na mai ɗinki." In ya tafi ɗaurin aure ko jana'iza, zauren tsayawa yake cak, kowa ya naɗe hannu ana jiran Malam.

Ni da na saba da fayil, sai na sayo babban littafi na shiga binsa ina rubuta duk abin da ya fito daga bakinsa. Niyyata in zama shi. Ya bar ni kwana goma, sannan wata safiya ya tofar da goro ya ce, "'Yar ofis, me kike yi ne?"

Na ce, "Kwashe abin da ke kanka nake yi, Kawu."

"Ki zuba a ina?"

"A nawa mana."

Ya ce, "To an canja wa tuwo suna ke nan. Kai ɗaya ne ya riƙe, kai ɗaya zai riƙe. Ke an ba ki takardar daɗewa ne?"

Ban gane inda ya dosa ba sai Larabar da ta biyo. Ya shigo zaure da sassafe ya zaro alƙalamin daga ƙarƙashin hularsa ya ajiye a kan tabarma, ya rataye wayarsa a jikin ƙusa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Yau na mutu. Ku yi yadda za ku yi." Ya ɗauki buzunsa ya tafi gindin darbejiyar da ke bakin masallaci ya zauna.

Da labari ya kai wa Inna, takanas ta zo ta same shi. Ta ce, "Yaya, wace irin magana ce wannan? Ka daina yi wa kanka mugun fata." Ya ce mata, "Ita ta gasken ba ta yin sallama. Gara su koyi kukan ina ji." Inna ta koma gida tana faɗa, ta yi wata guda ba ta aika masa da furar da ta saba ba.

Larabar farko ita ce ta haɗa mu faɗa. Akwai wata farar shadda da aka zana, tana jiran a kai ta gidan ɗinki. Na duba littafina na ga sunan wata mai hannu mai kyau a bayan layinmu, na ɗauka da kaina. Hanyar ta gaban darbejiya take. Na tsaya na gaishe shi, na nuna masa, har na faɗa masa gidan da zan kai. Ya dubi shaddar, ya dube ni, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Abin da littafina bai sani ba, matar nan ƙosai take soyawa kowace safiya, kuma a ɗaki ɗaya take ajiye mai da kayan ɗinki. Kowa a zauren ya san ba a kai mata fari, ni kaɗai ce ban sani ba, kuma ban tambayi kowa ba. Bayan kwana biyu shadda ta dawo da tabon mai kamar tafin hannu a daidai ƙirji.

Na same shi a ɗakinsa raina a ɓace. Na ce, "Kawu, ka gani da idonka ka yi shiru. Wannan ai mugunta ce." Ban taɓa faɗa masa irin wannan kalma ba, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ranar da za ku yi ta da gaske ma shiru zan yi. Mutum nawa ne a zauren lokacin da kika ɗauka?" Na ce huɗu. Ya ce, "Wa kika tambaya?" Na fita, na kwana uku ina wuce ƙofarsa.

A cikin kwana ukun nan, daga baya na ji, ya tafi gidan mai ƙosai da kansa. Ya tarar tana kuka, ta ɗauka an gama da ita. Ya zauna a zaurensu ya ci ƙosai biyar, ya ce mata laifin na wanda ya yi shiru ne. Ya karɓi shaddar ya sake zane, ya ɗora wani zagayayyen ado a kan tabon, ya ba ta ta ɗinke da hannunta. Rigar bai bari an sayar wa kowa ba, shi ya ɗauka. Ita yake sawa kowace Juma'a har ya kwanta ciwo, kuma in an yabi adon sai ya ce ƙosai ne ya zana.

Daga nan ya shiga raba kansa gunduwa-gunduwa. Sanin gidaje ya miƙa wa Goggo, ya ce ta fi shi sanin abin da ke bayan labule, daga yau ita ke cewa wannan riga ta tafi gidan wance. Duba aiki ya ba mai bugu, maƙwabcinsa, ya zaunar da shi yana juya riguna har hannunsa ya iya jin zaren da ya yi sako-sako. Awo kuwa ya yarda a yi da tef a rubuta, yana gunaguni yana cewa an mai da mutane katako. Zane-zanensa duka ya kwafe su a kan takardar buhun siminti, ɗaya bayan ɗaya, aka naɗe aka jera a cikin tsohuwar adaka. Wayarsa ba ta ƙara komawa aljihunsa ba, wanda ke kusa da ƙusa shi ke ɗauka.

Alƙalamin shi ne ya ba kowa mamaki. Taubashiyata ya ba. Ta dawo gida ne da 'ya'ya uku bayan rasuwar mijinta, tana ɗan ɗinki tana zaman shiru. A sanin mutanen unguwa mata ɗinki suke yi, zane na maza ne. Kawu ya ce tun tana ƙarama take zana masa ado a jikin bango da gawayi yana dukanta, yanzu lokaci ya yi da zai biya dukan. Watanni tana ɓata takarda, ni kuma ina tsokanarta, don tsakanina da ita ba a raga wa juna. In ce zanenta kamar sawun kaza, ta ce ai gara sawun kaza da tabon ƙosai. Wata rana aka shimfiɗa zane biyu a gabana aka ce in nuna na Kawu. Na nuna nata.

Laraba ta zama Laraba da Alhamis. Da kaka ya tafi gonarsa ta ƙauye ya yi mako guda, ya dawo ya tarar ba abin da ya tsaya. Ya zagaya zauren yana neman abin da zai kushe, bai samu ba, sai ya ce shara ba ta fita a bayan ƙofa. Na ga idonsa ranar. Daɗi yake ji, amma akwai wani abu a ƙarƙashi, irin na mutumin da ya dawo daga tafiya ya tarar ba a yi kewarsa sosai ba.

Ina cikin jin daɗin cewa yanzu ni ce komai, ni ake tambaya, ni ake jira, sai ya juyo kaina. Ya ce, "'Yar ofis, ke yaushe za ki mutu?"

Na ce, "Haba Kawu. Ni fa na saya."

Ya ce, "Abin da ba ya tafiya sai kina tsaye a kansa, ba ki saye shi ba, shi ya saye ki. Zaɓi rana."

Na zaɓi Juma'a, don rabin yini ake yi. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce wannan ba mutuwa ba ce, gyangyaɗi ne. Ya yanka min Litinin, ranar da aiki ya fi yawa. Litinin ta farko na zauna a gida waya a cinya tun safe har la'asar, ba wanda ya kira. Gaskiya ita ce na ji zafi. Maigidana ya dawo ya gan ni na haɗe rai, ya ce wa ya rasu, na ce ni ce.

Abu ɗaya ne ya gagari Kawu, shi ne Alhajin Tukur-Tukur. Shekara da shekaru ba ya sa rigar da ba Malam ya zana ba, kuma abokansa shi suke bi. Kawu bai ɓoye masa ba. A gabana ya ce masa, "Alhaji, 'yata ce ke zane yanzu, idona ya tafi." Alhaji ya yi dariya ya ce, "Malam ke nan, kai dai ba ka son yabo." Bayan ya fita Kawu ya ce min, "Sau uku ke nan ina faɗa masa, Allah shaida. Ragowar taku ce." Rigunan auren nan bakwai duk taubashiyata ta zana su, wata biyu kafin ya kwanta.

Ranar Asabar ta ƙarshe na shiga duba shi. Jiki ya yi nauyi, amma na kasa haƙuri na fara ba shi labarin rigunan, wadda ta dawo da wadda ba ta dawo ba. Ya lumshe ido ya ce, "Yau wace rana?" Na ce Asabar. Ya ce, "To ki ɗauka Laraba ce." Ita ce magana ta ƙarshe da ta haɗa mu a kan aiki.

Haka na yi kwana biyu a makoki, bakina yana amsa gaisuwa, zuciyata tana lissafin kwanaki. In rigunan ba su fito ba, ko Alhaji ya ce tunda Malam ya tafi shi ma ya tafi, sauran za su bi shi, ni kuma ban san abin da zan ce wa matan nan ba. Na so in aika a dubo min zaure, Inna ta harare ni ta ce, "Zauna. Ɗan'uwana aka rasa, ba kanti ba."

Ranar uku aka yi addu'a da safe, aka raba waina. Mutane sun fara raguwa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sai na ji wani sauti daga bayan katanga. Tim, tim, tim. Taɓaryar mai bugu ce. Na dubi taubashiyata, ita ma ta ji. A hankali ta ce, "Yau fa Laraba ce."

Bayan azahar Goggo ta shigo da ƙunshi a ka, ta sauke a gabana. Riguna bakwai a ninke, suna sheƙi. Ashe fitar da ta yi da wuri ranar Litinin, gidajen ɗinkin huɗu ta zagaya. Ta ce musu kuka da baki ake yi, hannu ba ruwansa, Malam ya yi shekara huɗu yana koya musu wannan rana. Talata da yamma ta tattaro, mai bugu ya juya su ya mayar da ɗaya aka gyara wuya, yau ya buge. Ta ce, "Na ga kina hararata shekaranjiya." Na ce, "Goggo, ki yafe min." Ta ce, "A ba ni wainata dai, ban ci ba."

Da la'asar aka yi sallama, aka ce Alhaji yana zaure yana son yi wa iyali ta'aziyya. Muka fita ni da Inna da taubashiyata, aka ɗauko ƙunshin. Ya yi addu'a mai tsawo, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce bai zo don riguna ba, ya riga ya gaya wa ɗansa a nemi wasu. Aka kwance ƙunshin a gabansa. Ya ɗauki rigar da ke sama ya buɗe ta, ya bi adon da yatsa.

Ya ce, "Allahu akbar. Na ƙarshe ke nan daga hannun Malam. Daga waɗannan an rufe."

Ba zan ɓoye ba, shaiɗan ya raɗa min in yi shiru. In bar shi da abin da ya yi imani da shi, a wuce wurin lafiya. Amma a daidai inda yake zaune Kawu ya faɗa masa sau uku. Na ce, "Alhaji, ba hannunsa ba ne. Ga mai hannun nan a zaune. Wadda ke jikinka ma ita ta zana, bara."

Ya dubi ƙirjinsa. Ya dubi taubashiyata, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Sai ya juya rigar da ke hannunsa ya shafa bayan ɗinkin da tafin hannu, yadda ya sha ganin Kawu yana yi. Ya daɗe yana shafawa.

Ya ce, "Ashe da gaske yake yi." Ya ninke ta a hankali. "Malama, Allah ya jiƙan mahaifinki. In an share makoki, ƙanena yana son irin wannan, amma shuɗiya."

A nan ne taubashiyata ta fashe da kukan da ta riƙe kwana uku. Ni kuwa hankalina ne ya kwanta. Na ji kunyar samun sauƙi a gidan mutuwa. Na faɗa wa Inna bayan mun koma ciki. Ta ce, "Kunyar me? Ai abin da ya yi ta wahala a kai ke nan, har na hana shi fura."

Matar da ta tambaye ni "mu kuma fa" ban ma samu na ba ta amsa ba. Goggo ta riga ni, ta kai mata aiki ranar Alhamis.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da kowane tuwo da aka tuƙa a gidajen nan, wanda ya gani da wanda ba zai gani ba. Ya yafe min kalmar da na faɗa masa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa ta tarar mun ajiye alƙalami a inda wani zai iya ɗauka.

Ina wannan rubutu ne a gida, don yau Litinin ce. Waya tana kusa da ni tun safe, ba wanda ya kira.